Wasiƙa daga Jidda zuwa ga Inna

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya ƙafar taki da sanyin nan? Mu nan lafiya lau, aiki da godiya.

Yaya ya gaya mini kin ce Umarar nan a bar ta, wai nisa ya yi yawa, jikinki ba zai ɗauka ba. Inna, don Allah ki saurare ni. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe. A ido abin da yawa, amma jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano kai tsaye, da can awa huɗu da rabi zuwa biyar yake yi ya sauka. Zaman da kike yi a mota in za ki Maiduguri ya fi wannan tsawo, ga gargada, ga zafi. A jirgi kuwa kina zaune za a kawo miki abinci, akwai banɗaki, in kuma an nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, za a tura ki har ƙofar jirgi.

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye miki ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru. Da hanyar sai ta bi ta kan Chadi, ta ratsa Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, don 'yan uwanmu Hausawa suna can da yawa. Ta nan kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna, ta Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da El Fasher da El Obeid har Sawakin a bakin Bahar Maliya, wani ya shekara biyu, wani biyar, yana noma a hanya yana tara kuɗin jirgin ruwa. Wasu ba su iso ba, wasu kuma suka zauna a irin su garin Mai Wurno na Sudan, jikokinsu na can har yau. Duk sanda na tuna haka sai in ji ba zan iya haƙura ki ƙi zuwa ba, alhali Allah ya hore.

Abin da na roƙi Yaya shi ne kada ya yanki tikitin da ake yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira saboda sauƙin kuɗi. Jiran da ake yi a can shi ke gajiyar da tsofaffi. A nemi na kai tsaye, cikon kuɗin ni zan turo. In an samu mai sauka Madina ya fi, ki huta, ki yi ziyara, sannan ki ɗauki harami a Zul Hulaifa a natse. Daga Madina akwai jirgin ƙasa na Haramaini, awa biyu da wani abu kin isa Makka.

Agogonmu ya riga naku da awa biyu, saboda haka a daidaita miki lokacin shan magani tun kafin ki taso, a kuma saka magungunan a jakar hannu tare da takardar likita.

Ki gaishe da Gwaggo da su Yaya da yara duka. A fara maganar fasfo cikin makon nan, in an karɓa a sanar da ni.

Ɗanki mai neman albarkarki,
daga Jidda