Kuɗin Marayu Ne a Hannuna: In Saya Musu Gidan Haya a Masaka?

Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Allah Ya saka da alheri kan wannan fili.

Ƙanena ya rasu bara, ya bar mata da yara huɗu, babbansu bai gama sakandare ba. Bayan an biya bashi an raba gado, dangi suka ɗora mini riƙon kason yaran, naira miliyan 24. Kuɗin na ajiye a banki, kuma kullum na je kasuwa sai in ga darajarsu na zagwanyewa. Ba na son ranar da yaran za su girma in miƙa musu abin da ba zai sayi ko fili ba.

Wani abokin marigayin ya kawo mini tallar gida a Masaka, cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Ciki da falo shida ne a gida ɗaya, da burtsatse, duk da mutane a ciki, kowa na biyan dubu 350 a shekara. Mai gidan ya tsaya a miliyan 22, ban da la'adar dillali da kuɗin lauya. In ka lissafa, sai an shekara goma da ɗoriya kafin uwar kuɗi ta dawo, kuma wannan in ba a taɓa rufi ba, ba a yashe masai ba, famfon burtsatsen bai ƙone ba.

Abin da ke jan hankalina shi ne Masaka ba ta rasa masu neman ɗaki. Ƙananan ma'aikata, direbobi, masu gadi da 'yan kasuwar da hayar cikin Abuja ta fi ƙarfinsu, can suke kwana, su fito tun da asuba su bi ta Ado, Mararraba da Nyanya kafin cunkoso ya kama. To amma rayuwar garin duka a kan wannan titin take. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninninka, albashi kuwa bai bi shi ba. Mutumin da mota ta cinye masa babban kaso na albashi, da me zai tara kuɗin shekara? Na ji ana cewa wasu sun koma kwana a wurin aiki sai ƙarshen mako, wasu sun mayar da iyali gida. Ina tsoron in sayi gida cike da mutane, shekara ta zagayo kowa ya ce in yi masa haƙuri.

Nan ne kuma zuciyata ta fi nauyi, Malam. Ƙanena ɗan haya ne har ya koma ga Allah, na san irin rashin barcin da yake yi in wa'adin biya ya matso. Ban ga yadda zan kai magidanci kotu ko in sa a fitar masa da kaya gaban 'ya'yansa ba. Amma kuɗin ba nawa ba ne balle in yafe. In na sassauta wa ɗan haya, da haƙƙin maraya na yi kyauta. Mene ne hukuncin mai riƙon amana a irin wannan hali, har ina shari'a ta ba shi damar ɗaga ƙafa?

Sai batun takarda. Abin da mai gidan ya nuna yarjejeniyar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu, babu takardar mallaka ta gwamnati. Ya ce haka yawancin gidajen unguwar suke. Wani ya ce in je ofishin NAGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Nasarawa, a duba filin kafin in biya ko kwabo. Shin hakan ya wadatar, ko in haƙura da duk gidan da ba shi da cikakkiyar takarda? Ni a Zariya nake zaune, ba zan iya sintiri ba, dole sai na naɗa wakili, kuma kowa ya san labarin wakilan da ke karɓar haya su ce ba a biya ba.

Matar marigayin ta fi son gidan, ta ce ƙasa ba ta ɓata, ko banza yaran za su nuna su ce namu ne. Yayarmu kuma ta ce a jira Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, tunda na 2025 ya ba da kashi 19.75 cikin ɗari a shekara ba tare da rigimar kowa ba. Ribarsa ta ninka ta hayar, sai dai in wa'adi ya cika naira za a dawo mana da ita, wadda ba mu san darajarta a lokacin ba.

Mai gidan ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Don Allah Malam ka ba ni shawara, kuma in akwai masu sauraro da ke da gidan haya a Masaka, Ado ko Mararraba alhali suna zaune nesa, ina roƙon su faɗa mini gaskiyar abin da ke shigowa hannunsu a shekara bayan an cire gyara.

Wassalam.
Mai sauraronka daga Zariya.