Wasiƙar Zango: Littattafan Ɗakin Karatu da Maganar Salatif

Assalamu alaikum iyayenmu da waliyyan ɗalibai,

Da fatan kuna lafiya, ku da iyali. A wannan karon magana ɗaya ce za ta cinye yawancin wasiƙar, kuma na san wasunku sun riga sun ji ta a bakin yara: halin da littattafan ɗakin karatunmu suka dawo bayan hutu.

Ni da kaina na tsaya a gaban teburin malamar ɗakin karatu ranar da ake karɓarsu. Yagewar shafi ba ta tayar mini da hankali ba, domin littafin da yara ke karantawa dole wata rana ya yage. Gyaran da aka yi a gida shi ya ɓata mini rai. Wani tsohon littafin tarihi da aka daina buga irinsa ya dawo an naɗe gadon bayansa da salatif mai faɗi, irin na ɗaure kwali. Littafin taswira kuma an ɗiga masa gam mai kama ƙarfe, shafuka sun manne sun zama kamar katako. Na san da kyakkyawar niyya aka yi, don kada a ce yaro ya ɓata kayan makaranta, amma garin neman gira aka rasa ido. Ina roƙonku, in littafi ya yage a dawo da shi a yage, a saka guntun shafin a ambulan. Ba za a hukunta yaro don ya faɗi gaskiya ba.

Allah Ya saka wa malamar ɗakin karatu da alheri. Ba ta tsaya mita ba, sai ta nemo tsohuwar ɗalibarmu wadda yanzu mataimakiya ce a sashen gyara da adana tsofaffin littattafai na laburaren wata jami'a. Kwana biyu ta yi mana, kyauta.

Kayan aikinta duk sun shiga ƙaramar jaka: burushi masu laushi, allura da zaren lilin, wani ɗan ƙashi mai santsi na lafe takarda, sai takardar Japan mai shara-shara da ake yi da ɓawon wata bishiya mai suna kozo. Abin liƙinta sitacin alkama ne, ita ke dafa shi ta tace. Na ga ta ɗauki shafin da ya yage, ta haɗa bakinsa a hankali har haruffan da suka rabu suka koma daidai. Ba ta sa almakashi ba. Da jiƙaƙƙen burushi ta ja layi a kan takardar Japan ɗin, ta yago siririya mai gashi-gashi a gefe, ta shafa sitaci kaɗan, ta ɗora, ta danne da abu mai nauyi. Da ya bushe, sai da yara suka ɗaga shafin wajen haske kafin su gano inda aka gyara.

Ƙa'idar sana'arsu, in ji ta, ita ce duk abin da ka yi wa littafi ya zama wanda zai zo bayanka zai iya warware shi. Ɗan danshi ya isa a ɗaga gyaran sitaci. Shi kuwa salatif, da ya daɗe gam ɗinsa na nutsewa cikin takarda ya rine ta, ledar ta ɓare ta faɗi, tabon ya zauna. Cire ɗan guntu guda kan ci sa'o'i, wani lokacin da sinadarai masu haɗarin shaƙa, kuma tabon ba lallai ya fita ba.

Wani ɗan aji biyu ya tambaye ta me ya sa littafi mai shekara 400 kan fi jaridar bara fari. Ta ce a zamanin da, da tsummokaran auduga da lilin ake yin takarda. Daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma niƙa itace, irin wannan takarda kuwa tana ɗauke da asid da ke cin ta daga ciki har ta yi ja ta riƙa karyewa. Ta kuma ba mu mamaki da ta ce ba sa sa farar safar hannu wajen buɗe tsohon littafi, domin tana hana yatsa jin takarda; hannu wankakke, busasshe, ya fi.

Maganar ruwa kuwa ku riƙe ta da kyau. A watan Nuwamban 1966 kogin Arno ya yi ambaliya a birnin Florence na Italiya, laka ta shiga babban laburaren ƙasa da ke can ta lalata littattafai ba adadi, kuma a aikin ceto su ne aka koyi da yawa daga dabarun da ake amfani da su yau. Jiƙaƙƙen littafi na iya fara fumfuna cikin sa'o'i 48. Kada a shanya shi a rana, kada a sa masa dutsen guga. A tsayar da shi a buɗe gaban fanka, a riƙa sa farar takarda tsakanin shafuka ana canjawa, washegari a kawo mana.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mun buɗe ƙungiyar gyaran littattafai ranar Laraba bayan tashi, sai ga wasu yara sun janye suna cewa an ce musu a gida ɗinkin littafi ba sana'a ba ce. Wannan magana ba ta yi mini daɗi ba. Tsohuwar ɗalibar nan tamu da ta yi mana gyara ma'aikaciyar jami'a ce. Kafin ta taɓa littafi sai ta ɗauki hotonsa, ta rubuta duk lahaninsa, babban jami'in sashen ya amince da abin da za a yi. Yawancin ranarta ma a share ƙura take ƙarewa, da yanka akwatunan kwali marasa asid, da duba tarkon ƙwari, da karanta ma'aunin danshi, domin in ya wuce kashi 65 cikin 100 fumfuna ta sami gida. Aiki ne mai buƙatar ilimin sinadarai da tarihi da haƙuri. Malamin kimiyyarmu, wanda ba ya gajiya, ya ɗauki nauyin ƙungiyar. Littattafan yau da kullum kawai yara za su gyara. Tsofaffin mun sa su a akwati.

A tuna wa yara: ban da yawu a yatsa, ban da lanƙwasa kusurwar shafi, kuma a zaro littafi daga kanta ta tsakiyar bayansa, kada a ja shi ta sama.

Jadawalin jarrabawa yana hannun yara. Taron iyaye da malamai yana nan kamar yadda aka sanar. Masu makara kuma, na faɗa a wasiƙar da ta wuce, ƙofa za ta ci gaba da rufuwa a kan lokaci.

Wanda har yanzu akwai littafinmu a gidansa, ko a wane hali yake, ya aiko shi kafin Juma'a.

Wassalam,
Shugaban Makaranta