Godiya ga situdiyon da ya buɗe fayil ɗina kafin ya yanke mini hukunci

Assalamu alaikum.

Na daɗe ina son rubuta wannan wasiƙa, sai yau Allah ya nufa. Ba zan kama sunan situdiyon ba tunda ban nemi izininsu ba, amma in sun karanta za su gane kansu, musamman Anti mai zama kusa da taga.

Da na gama jami'a da digirin zane, na ɗauka abin da ya rage kawai in zaɓi inda zan yi aiki. Wata takwas na yi ina aika takardu da bidiyon ayyukana na zane mai motsi. Yawancinsu ko "mun gani" ba su ce ba, kuma waɗanda suka amsa sun fi masu shirun ban takaici. Wani kamfani ya ce in yi masa "gwaji": tallan daƙiƙa 30, in motsa tambarinsu, in jera rubutu ya bi sauti. Wanda bai san aikin ba zai ce daƙiƙa 30 ai wasa ne. A lissafin firem 25, wato hotuna 25 a jere, kowace daƙiƙa, firem 750 ke nan, kuma kowanne sai ya zauna daidai. Kwana tara na yi a kai. Tsohuwar laftof ɗina tana huci kamar za ta kama da wuta, rendarin ɗaya, wato fitar da kammalallen bidiyon daga manhaja, yana cinye dare, in gari ya waye na hango kuskure a rubutu sai a koma gidan jiya. Na aika, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Bayan sati uku sai ga aikina a shafinsu, launi kawai aka sauya. Da na yi magana aka ce wai ban dace da tsarinsu ba. Aikin dai ya dace.

Ga kuma masu neman "sabon shiga" amma mai gogewar shekara uku, wanda ya iya manhajojin After Effects da Cinema 4D da Premiere Pro, ya iya ɗaukar hoto, ya kuma riƙe musu shafukan sada zumunta. Aikin mutum huɗu, albashin rabin mutum.

Shi ya sa da imel ɗinku ya shigo kwana uku bayan na aika takarda, sai da na karanta shi sau biyu. Kun faɗi tsawon gwajin, daƙiƙa 8, kun faɗi ranar da za a kawo, kun kuma ce za a biya ni ko an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba. Wallahi na zaci akwai wata a ƙasa.

Ranar da na zo, Anti ba ta tsaya a kan bidiyon da na kawo ba. Cewa ta yi in buɗe mata ainihin fayil ɗin aikin. Nan gabana ya faɗi, don na san abin da ke ciki: leya, wato sassan hoto da rubutu da ake jerawa bisa juna, sama da tamanin, kowace da sunan da manhajar ta raɗa mata, lamba ɗaya, lamba biyu, har ƙasa. Ta gangara da linzami, ta gangara, sannan ta dube ni ta ce, "Ƙanena, in ka kwanta rashin lafiya gobe, wa zai iya ƙarasa maka wannan?" Ba ta faɗa da raini ba. Kujera ta jawo mini.

Sai ta kunna wurin da tambarin ke shigowa daga gefe, ta maimaita shi sau huɗu. "Ka taɓa ganin mota ta tashi da cikakken gudu a take, ta kuma tsaya cak ba ta rage ba? To haka tambarinka yake yi." Ta zaɓi kifirem biyun, wato alamomin farkon motsin da ƙarshensa, ta danna maɓallin F9, motsin ya ɗan yi laushi. Na ce ai na san wannan. Ta ce kowa ya sani, shi ya sa aikin kowa yake kama da na kowa. Ta buɗe jadawalin gudu, inda layi ke nuna saurin motsin, ta kama hannun layin ta ja shi, tambarin ya shigo a guje, ya zarce mazauninsa kaɗan, ya dawo cikin firem uku ya zauna. Abu ɗaya ne, amma yanzu ka ga yana da nauyi. Wannan ƙa'ida ta tashi a hankali da sauka a hankali tana cikin ƙa'idoji 12 da tsofaffin masu zanen Disney suka tattara a 1981. Na haddace su don jarrabawa, na kuma ci. Sai ran nan na gan su a hannun mutum.

Bidiyon ayyukana mai minti uku kuwa, ta datse shi ya koma daƙiƙa 50. Ta cire guda biyu da nake alfahari da su, ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata ya san darasin YouTube ɗin da na kwaikwaya. Na ji kunya, amma gaskiyarta. Da na ce ba ni da halin biyan Cinema 4D, ta ce in kama Blender, kyauta yake tun 2002, kada in zauna jiran manhaja.

An ba ni horon wata uku da takarda a rubuce, kuɗi yana shiga a kan lokaci, yanzu kuma an tabbatar da ni. Wannan ɓangaren ba shi da dogon labari, komai ya tafi yadda aka faɗa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wannan bai fi awa ɗaya na lokacin Anti ba. Shekara huɗu a aji, ba wanda ya taɓa ce mini in rubuta adadin gyaran da mai aiki zai nema kafin a fara, ko ya nuna mini cewa a bidiyon tsaye irin na waya, mai faɗin 1080 da tsawon 1920, maɓallan manhajar sada zumunta suna rufe rubutun da aka sa can ƙasa. Kamfanoni kuma suna kukan wai yaran yanzu ba su iya komai ba, alhali ba mai son koyarwa, kowa so yake a kawo masa gwani a farashin ɗan koyo. Wani abokin karatuna da ya fi ni hannu nesa ba kusa ba yana kan gwajinsa na kyauta na biyar. Na isar masa da abin da Anti ta ce: kada ya ƙara aika gwaji sai da sunansa a shimfiɗe a tsakiyar hoton, kuma fayil ɗin aiki ba ya fita sai kuɗi ya shiga. Ya ce yana tsoron su fasa kiransa. Har yanzu muna ta ja.

Anti, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. Leyoyina duk suna da suna yanzu, kina iya dubawa.

Naku,
sabon yaron da ke teburin ƙarshe.