Wasiƙa ga ɗana kan yadda Turkiyya ta samu gindin zama a Somaliya

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya karatu? Mahaifiyarka ta ce a kan Turkiyya da Somaliya za ka rubuta kundin digirinka. Na ji daɗi, amma kada ka fara da sojoji. Bi abin yadda ya faru.

Da abinci da magani Turkiyya ta shiga. A Agustan 2011, ana tsakiyar yunwa, Erdogan, firaministan Turkiyya a lokacin, ya sauka Mogadishu da iyalinsa, lokacin da manya ke gudun garin. A 2012 jiragen Turkish Airlines suka fara sauka, a 2015 aka sake buɗe asibitin Digfer. Ma'aikatan Turkiyya a cikin gari suka zauna, ba a Nairobi ba kamar yawancin masu agaji, talaka na ganinsu suna zuba kwalta suna kwashe shara. Nan suka samu yarda.

Inda nake so ka daɗe shi ne hanyar kuɗi. Kamfanin Favori na Turkiyya ya karɓi filin jirgin saman Mogadishu a 2013, Albayrak, shi ma na Turkiyya, ya karɓi tashar jiragen ruwa a 2014, bisa rabon kuɗin tashar kashi 55 ga gwamnati, 45 ga kamfani. Gwamnatin da harajinta bai wuce babban birni da nisa ba, da kuɗin tasha take rayuwa, don haka mai riƙe da tasha ko bai yi magana ba ana saurarensa. Ka nemo kwangilolin ka duba da idonka: shekara nawa ce, wa ke ƙirga kuɗi kafin a raba, wace kotu za a je in an saɓa.

Sai daga baya bindiga ta zo. A Satumban 2017 aka buɗe TURKSOM, sansanin sojan Turkiyya a Mogadishu, wanda ya ci kusan dala miliyan 50. Turkiyya ce ta horar da dakarun Gorgor da 'yan sandan Haramcad, rundunoni na musamman na Somaliya. Sojan da ka horar, ka ba shi makaminka, gobe wurinka zai zo neman harsashi da kayan gyara. Da Habasha ta ƙulla yarjejeniyar mashigar teku da Somaliland, yankin da ya ɓalle daga Somaliya, a Janairun 2024, wata bai cika biyu ba Somaliya ta miƙa wa Turkiyya tsaron tekunta na shekara 10, jirgin binciken mai kuma ya biyo baya. A Disamba kuma a Ankara aka sasanta Habasha da Somaliya.

Kada ka ɓoye inda abin ke ciwo, domin rayukan mutane ne. Turkiyya ta jingina komai ga gwamnatin Mogadishu, a ƙasar da dangi ya fi kaki ƙarfi. Da aka ƙara wa Farmajo, shugaban Somaliya na lokacin, wa'adi a Afrilun 2021, sojoji suka rabu suka harbi juna a cikin birni, 'yan adawa kuma suka yi zargin an juya musu rundunonin da aka horar don yaƙar Al-Shabab. Jihar Puntland ta arewa maso gabashin Somaliya kuwa ta karkata ga Hadaddiyar Daular Larabawa, wadda kamfaninta ya karɓi tashar Bosaso a 2017. Don haka kada ka tsaya ga bayanin jami'ai. Ka saurari mutanen Garowe da Kismayo, manyan biranen jihohin Puntland da Jubaland.

Turo mini babin farko kafin ka kai wa malaminka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka