Mamana, Kafin Ki Shiga Ɗakin Intabiyu

Assalamu alaikum Mamana,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mun yi murna ƙwarai da jin an kira ki intabiyun aikin mai gyaran magana a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Allah Ya sa alheri ne ya kira ki. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Batun takardu ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ki haɗa shaidar digirinki ta Ibadan, da ta bautar ƙasa, da ta ƙaramar hukuma, da ta haihuwa, kowacce ta asali da kwafinta. A saman su duka ki ɗora rajistarki da lasisin MRTB, hukumar da aka kafa a 1988 don kula da masu gashin ƙashi da masu gyaran magana da masu gwajin ji. A shekarun da na yi ina aikin jinya na zauna a irin kwamitin da zai yi miki intabiyu, kuma lasisi muke fara dubawa. A CV ɗinki kada ki tsaya ga sunayen kwasa-kwasai. Ki faɗi irin marasa lafiyar da kika yi aiki da su lokacin koyon aiki, da abin da kika yi musu da kanki, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Na ji kina damuwa da Turancinki, alhali babban jarinki Hausarki ce. Littattafan da kika karanta da kayan gwajin da aka koya miki, yawancinsu don yaran Ingila da Amurka aka tsara su. Yaron Kurna ko Ɗorayi da aka nuna wa hoton dusar ƙanƙara ya yi shiru, ba shi da laifin komai, bai taɓa ganinta ba ne. Ke kin san a nuna masa akuya da buta da adaidaita sahu. Kunnenki yana raba ƙ da k, da ɗ da d, da ɓ da b, yana jin dogon wasali da gajere, yana jin hawan murya da saukarta. Kin san Bakanon da ke musanya p da f a Turanci lafiyarsa ƙalau, tasirin harshen uwa ne kawai. Ki faɗa wa kwamitin haka da misalai, kada ki jira sai sun tambaya.

Ki kuma nuna musu kin san gidajen mutanenmu. Uwa za ta kawo ɗan farinta, kunya ta hana ta kiran sunansa ko yin dogon bayani a kansa, sai ki juya ga kaka ko goggon da ta rako su. Yaro zai sunkuyar da kai a gabanki saboda tarbiyyar da aka yi masa, don haka kada ki yi saurin rubuta cewa ba ya haɗa ido. Za a zo miki da wanda aka ce aljanu ne suka riƙe masa harshe, an yi rubutu, an yi ruƙiyya, kuɗi ya ƙare. Idan kika raina iyayen a ranar farko, ba za su dawo ba, kuma yaron ne zai cutu. Ki ce su ci gaba da addu'a, ki ɗora musu aikin da za su riƙa yi da shi kullum a gida.

'Yan kwamitin za su kawo miki misalin mara lafiya su ce me za ki yi. Idan yaro ne ɗan shekara 3 da bai fara magana ba, ki fara da tarihinsa: doguwar naƙuda, shawara bayan haihuwa, sanƙarau, kyanda, ruwan kunne. Sannan a gwada jinsa kafin komai. Idan mai i'ina ne, ki ce takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi yawa a maza, kuma tsawa da ƙarasa wa yaro magana ƙara masa nauyi suke yi. Idan dattijo ne da ɓarin jikinsa na dama ya shanye magana ta ɗauke, kin san ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu ne ya taɓu. Amma ki tuna da haɗiya, Mamana. Na ga mutane da yawa a ɗakin kwanciya da ruwa ke ƙware su, ya gangara huhu ya zama ciwo, 'yan'uwa kuma suna ta ɗura musu koko da kyakkyawar niyya. Wanda ya ambaci duba haɗiya ba a tambaye shi ba, kwamiti ba ya manta shi.

Abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ki faɗi wanda za ki tuntuɓa, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne ko na yara. In sun ba ki damar tambaya, ki tambayi wanda zai riƙa duba aikinki a shekarar farko, domin sabon hannu yana buƙatar na gaba. Albashin irin aikinki a asibitin tarayya a kan CONHESS yake, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya, sai ki bari su fara tayar da zancen.

Kada ki jingina da wuri ɗaya. Ki kai takarda Asibitin Murtala, da makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, da makarantu masu zaman kansu da ke karɓar irin waɗannan yara. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki gurbi, ki rabu da shi, ki sanar da ni.

Ki taho da kwana biyu a hannu don ki huta daga gajiyar hanya. Ranar kuma da sassafe za mu fita, kin san cunkoson titin Zariya. Ummanku tana gaishe ki, ta ce ki faɗo motar da za ki shigo don yayanki ya tare ki a tasha.

Allah Ya yi miki albarka.

Abbanki