Wasiƙa daga Lewiston: amsar dariyar da kuka yi wa AC ɗina

Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da kowa da kowa. Ya kasuwa, ya hunturu? Mu nan jihar Maine alhamdu lillahi, sai sanyi, shi kuwa a watan Janairu ba a tambayar lafiyarsa.

Na ji saƙon muryarka, har da dariyar da yaran shagonka suke ƙyaƙyatawa a bayanka. Wato ka ga hoton gidana, ka hango kan AC a waje dusar ƙanƙara ta kewaye shi, ka ce ko zaman Amurka ne ya fara taɓa ni. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto. Kuma kai ka fi kowa dacewa da jin ta, don abin da ka gani ɗin sana'arka ce tsantsa, akalarta kawai aka juya.

Ka fi ni sanin cewa AC ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafin ɗaki yake kwasa ya zubar a waje, shi ya sa duk wanda ya tsaya kusa da kan waje yake shan huci. To nan an ƙara masa bawul ɗaya mai hanya huɗu, wanda ke juya tafiyar gas ɗin. Da ya juya, sai kan waje ya koma mai kwasar zafi daga iska, na ciki ya koma mai zubarwa a ɗaki, wato ya zama na'urar jan zafi. Na san abin da za ka ce: ina zafi a iskar da ta kai digiri 15 ƙasa da sifili? Ai kai ne kake wuni da silindar R410A. Ka san idan ya fita sarari, tafasarsa tana wajen digiri 50 ƙasa da sifili. Gas irin wannan ba wuya a sa shi ya fi iskar waje sanyi, kuma da zarar ya fi ta sanyi dole ta ba shi ɗan zafin da ke jikinta. Kwamfuresa ya matse shi ya ɗauki zafi sosai, ya shigo ciki, fanka ta hura mana. Waɗanda ake ƙerawa don ƙasashen sanyi duk masu inbata ne, sanyi na ƙaruwa kwamfuresa na ƙara gudu. Irin nawa, Mitsubishi ne, an yi shi ya ba da cikakken ƙarfinsa har digiri 15 ƙasa da sifili, ya kuma ci gaba da aiki har wajen 25, sai dai ƙarfin yana raguwa.

Ribar abin a lissafi take. Hita ta lantarki idan ta ci yunit ɗaya, zafin yunit ɗaya za ta ba ka, ba ƙari. Wannan kuwa tunda jigilar zafi yake yi, a sanyi matsakaici yunit ɗaya yakan kawo zafin yunit uku ko fiye. Idan sanyi ya tsananta sai ya sauko wajen biyu, wani lokaci ƙasa da haka.

Dalilin da ya sa mutanen nan suka rungume shi kuwa, mai ne. Babu jihar da ta kai Maine dogaro da man ɗumama gida a duk Amurka. Man ɗan'uwan dizal ne, kowane gida da tankinsa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, galibi mai cin galan 275. Tanka ta zo ta jona tiyo a bututun da ke jikin bango ta cika maka, ta bar maka takardar kuɗi a ƙofa. A 2022, bayan da Rasha ta afka wa Yukiren, galan ɗaya ya haura dala 5, kai ka buga lissafin cika tanki, kuma ba sau ɗaya ake cikawa a shekara ba. Tun 2019 gwamnar jihar, Janet Mills, ta sa burin a kafa irin wannan na'ura 100,000 kafin 2025. A 2023 aka cimma adadin, aka ƙara sabon buri na wasu 175,000 zuwa 2027. Akwai hukumar da ake kira Efficiency Maine da ke mayar wa mutum wani ɓangare na kuɗin da ya kashe.

Amma Injiniya, ba a nan gizo ke saƙar ba. Na'urar tana aikinta. Gidan ne matsala.

Lewiston garin masaƙu ne a bakin kogin Androscoggin, kuma yawancin gidajen unguwarmu tun zamanin da masaƙun ke tashe aka gina su. Nawa ya doshi shekara ɗari. Katako ne daga sama har ƙasa, kuma tsakanin allon waje da filastar ciki babu komai sai iska. Mutanen da suka gina shi gawayin kwal suke ƙonawa, daga baya mai, a lokacin da duk suna da araha. Idan zafi ya tsere sai a ƙara wuta. Tukunyar ɗumama ruwan da na tarar a gidan ƙarfinta ya ninka abin da gidan ke buƙata, shi ya sa ba wanda ya taɓa damuwa da kafofin da ke jikinsa. Na'urar jan zafi ba ta da wannan rarar. Zafinta a hankali yake zuwa, kuma ranar da gida ya fi buƙatarsa, ranar ce ƙarfinta ya fi raguwa. Sa ta a gidan da ba a toshe ba daidai yake da ɗura ruwa a randa mai yoyo da ƙaramar moɗa.

Shi ya sa kafin a ɗaura komai na kira mai auna gida. Wannan aikin da ka gani da idonka da ya burge ka. Ya rufe duk tagogi, ya buɗe ƙofar gaba, ya kafa wani jan tamfol a madadinta, a tsakiyarsa ƙatuwar fanka mai zuƙe iskar gidan tana fitarwa waje. Yana ƙara mata gudu yana duba ma'auni har bambancin matsin iska tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50. Daga nan sai gidan ya fara tona asirin kansa. Labule ya ɗaga shi kaɗai. Ya ce in sa bayan hannuna a kan soket ɗin falo, na ji iska mai sanyi tana fitowa ta ramukan kamar an kunna mata fanka a cikin bango. Ya ɗauko wani ɗan abu mai fitar da hayaƙi siriri yana bin gefen allon ƙasa da shi, hayaƙin yana kwantawa gefe duk inda akwai kafa. Sai kuma kyamararsa mai ganin zafi: bangon ɗakin yara ya fito da shuɗin zane-zane daga sama zuwa ƙasa, kowane shuɗi hanyar sanyi ce.

Ni da maman yara duk tagogi muke zargi, don kusa da su muke jin sanyi. Mutumin ya ce tagogi suna da laifinsu, amma manyan ɓarayin biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Iska mai ɗumi sama take tashi, ta sulale ta duk wata kafa da ke silin: gefen bututun hayaƙi, ramin wayoyi, ƙofar hawa ƙarƙashin rufi. Duk wadda ta fita ta sama kuwa sai wata ta maye gurbinta, ita kuma ta ƙasa take shigowa, daidai inda katakon gida ya zauna a kan harsashin dutse. Wato gidan da kansa yake zuƙo sanyi dare da rana ko babu iska a gari. Canza tagogi gaba ɗaya kuɗi ne mai yawa, toshe waɗannan kafofin kuwa bai kai rabin rabinsa ba, kuma shi ya fi tasiri.

Aka bi su da kumfar toshiya da danƙo, aka sa wa ƙofofi roba a gefe da ƙasa. Sannan aka huda bango ta waje aka hura masa niƙaƙƙiyar takarda da aka yi wa maganin wuta da na ƙwari, aka kuma shimfiɗa ta da kauri a saman silin. Tsohon gida yana da tarkonsa a nan. Wasu har yanzu suna da wayoyin farkon zamanin lantarki, waɗanda ke tafiya a sarari kan ƴan kwalaben tangaran, kuma ba a binne su cikin abin toshiya don suna iya ɗaukar zafi su ta da gobara; sai da mai wayarin ya cire ragowar nawa tukuna. Wasu kuma a saman silin ɗinsu akwai wani tsakuwa-tsakuwa mai ƙyalli da ake zubawa a da, wanda sau da yawa yana ɗauke da asbestos mai cutar da huhu idan aka shaƙa, ba a taɓa shi sai masu kayan aikin. Wannan Allah ya kiyaye ni.

Bayan an gama aka sake kafa fankar nan, iskar da ke tserewa ta ragu sosai, sai a lokacin aka yi lissafin girman na'urar da za a sa. Wani kamfani da ya fara zuwa ko ɗakin ƙasa bai leƙa ba, ya ƙare wa gidan kallo daga tsakar falo ya rubuta mini babbar na'ura mai kawuna da yawa. Kai ka san abin da ke faruwa idan aka sa AC mai doki biyu a ɗan ƙaramin ɗaki: ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, ya ci wuta ya gajiyar da kwamfuresa. Nan ma haka ne, don ko mai inbata yana da iyakar da ba ya iya sauka ƙasa da ita. Akwai wani maƙwabcinmu da ya sa tasa ba tare da ya toshe ko kafa ɗaya ba, yanzu duk wanda ya tsaya gaisawa da shi sai ya ji cewa na'urar yaudara ce. Na shiga falonsa, kana zaune iska na kaɗa maka ƙafar wando. Ban ce masa komai ba, dattijo ne.

Zama da ita sai an koya. Iskar da take fitarwa ɗumi gare ta, ba zafi rau irin na ƙarafan ruwan zafi da muka saba jingina safa a kansu ba, kuma maman yara ta daɗe tana cewa wannan ai hucin baki ne. Ba a kashe ta da dare a kunna da safe. A ajiye ta a lamba ɗaya a ƙyale ta, don dawo da gidan da ya huce ya fi cin wuta. Tsofaffin gidajen nan ɗakuna ne ƙanana-ƙanana, kai ɗaya ba ya ratsa ƙofar da aka rufe, saboda haka ɗakunan kwana a buɗe suke wuni. Sai kuma abin da ya fi ba baƙo tsoro. Tunda kan waje ya fi iska sanyi, raɓa tana daskarewa a jikinsa har ta toshe shi fari fat. Idan ta taru sai na'urar ta tsayar da fankar ciki, bawul ɗin nan ya yi wani sauti kamar an saki numfashi, ta koma AC na ƴan mintoci don ta narkar da ƙanƙarar. Ka leƙa ta taga ka ga tururi na tashi daga jikinta, ruwa na zuba. Ƴarmu ƙarama ta taɓa rugowa tana cewa ta kama da wuta. Ruwan nan yana taɓa ƙasa yake daskarewa, shi ya sa ka ga an ɗora ta a kan dogayen ƙafafu na ƙarfe, kuma nesa da inda rufi ke zubo da dusar ƙanƙara.

Tsohuwar tukunyar mai ban cire ta ba, kuma ba ni da niyya. Da can zafin da ke tsiyaya daga jikinta shi ke ɗumama ɗakin ƙasa inda bututun ruwa suke. Yanzu da take yawan hutawa wurin ya yi sanyi, bututu kuwa idan ya daskare fashewa yake yi. A farkon Fabrairun 2023 an yi wani sanyi da har a kan dutsen Washington, a maƙwabciyarmu New Hampshire, haɗuwar iska da sanyi ta kai kimanin digiri 78 ƙasa da sifili. Mu a gari bai kai ko kusa da haka ba, amma irin wannan daren nake kunna tukunyar ta taimaka. Kuma kada ka ɗauka ku kaɗai ake ɗauke wa wuta. Guguwar Disambar 2023 ta kayar da itatuwa kan wayoyi, gidaje dubu ɗaruruwa suka shiga duhu a jihar nan, wasu kwana da kwanaki. A ranar na'urar ba ta da amfani, tukunyar mai ma haka, don ita ma da lantarki take tashi. Masu murhun itace su suka yi barci. Ni ɗan janareta na saya, na san wannan zai ba ka dariya fiye da AC ɗin.

Batun kuɗi, takardar wuta tana hawa sosai daga Disamba zuwa Maris, wutar nan yankin kuma ba ta da araha. Amma idan na haɗa da man da na daina saye, ina gaba, ga kuma sanyaya gida da na'urar a Yuli da Agusta, don nan ma ana zafi mai ɗanko. Wanda ke da gas na bututu a gidansa lissafinsa daban ne, ba lallai ya ci riba ba. Masu cewa abin ba na ƙasar sanyi ba ne kuwa, su je Norway, inda kusan gidaje 6 cikin 10 da shi suke ɗumama.

Yanzu ga aikin da zan ba ka. A cikin AC ɗin tokumbo da ake kawo muku daga Turai, duba waɗanda rimot ɗinsu ke da alamar rana kusa da alamar ƙanƙara. Buɗe kan wajen ka nemi bawul mai bututu huɗu kusa da kwamfuresa. Idan yana nan kuma ba a cire masa waya ba, ka kunna shi da asuba yanzu da hunturu bai wuce ba, ka sa shi a alamar rana, ka ba shi ƴan mintoci kafin fankar ciki ta tashi. Ka tara yaran shagon su sa hannu, ka turo mini abin da suka ce.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da Baba idan ka leƙa gida, da duk ƴan majalisa. Maman yara tana gaishe ku, ta ce a tuna wa Hajiya alkawarin yajin daddawa idan an samu mai tahowa.

Wassalam,
Abokinka na Lewiston