Amsa ga malamin da ya tambaye mu kan yarjejeniyar Amurka da Tarabulus ta 1797

Assalamu alaikum, Malam.

A gaban jama'a ka yi mana tambaya: shin da gaske ne Amurka ta taɓa rubutawa a yarjejeniya cewa ba a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatinta ba, kuma ba ta gaba da Musulmi? In haka ne, me ya kai ta yaƙi da mutanen da ta rubuta wa hakan bayan shekara huɗu kacal? Da gaske ne an rubuta. Sai dai ana ɗora wa wannan magana kayan da ya fi ƙarfinta, shi ya sa muka ga ya dace mu warware maka zare da abawa.

Tushen abin ciniki ne. Lokacin da Amurkawa ke ƙarƙashin Ingila, jiragen ruwansu na bin Bahar Rum da takardar izinin Ingila, ba mai taɓa su. Da aka tabbatar da 'yancinsu a 1783, wannan inuwa ta gushe. A 1785 Aljiyas, babban birnin Aljeriya na yau, ta kama jiragen Amurka biyu, a 1793 ta ƙara goma sha ɗaya. Majalisar Amurka ta ba da umarnin ƙera jiragen yaƙi shida a 1794, amma kafin su shiga ruwa gwamnati ta zaɓi biya: yarjejeniyar Aljiyas ta 1795 ta ci dala 642,500, ga kuma kayan jirgi na dala 21,600 duk shekara.

Ta Tarabulus, babban birnin Libiya na yau, ta biyo baya. An sa mata hannu ranar 4 ga Nuwamba 1796, sarkin Aljiyas ya tabbatar da ita ranar 3 ga Janairu 1797 a matsayin mai lamuni. Abin da aka ba Yusuf Karamanli, mai mulkin Tarabulus, yana rubuce dalla-dalla: dalar Sifen dubu 40, agogo 13, zobe 5, yadi da alkyabbu. Aka yi alkawarin ƙarin dala dubu 12 in ƙaramin jakada ya iso, tare da igiyoyin jirgi, gangunan kwalta 25, katako da anga 4. Sashe na 10 ya ce daga nan ba wani haraji na shekara-shekara.

Sashe na 11 shi ne abin tambayarka. Ma'anarsa ita ce: tun da gwamnatin Amurka ba a kafa ta kan addinin Kirista ta kowace fuska ba, kuma ba ta da ƙiyayya ga shari'ar Musulmi ko addininsu ko zaman lafiyarsu, to bambancin addini ba zai zama dalilin ɓata tsakanin ƙasashen biyu ba. Tsarin mulkin Amurka ya ce shugaban ƙasa ke ƙulla yarjejeniya, amma sai biyu bisa uku na sanatocin da ke zaune sun amince. Ranar 7 ga Yuni 1797 sanatoci 23 da suka halarta duk suka amince, shugaban ƙasa John Adams ya sa hannu ranar 10 ga watan. Kuma tsarin mulkin ya sa yarjejeniya cikin manyan dokokin ƙasa. Don haka mai cewa maganar ba ta da ƙarfin doka bai faɗi daidai ba.

To amma a nan ake yawan tuntuɓe. Abin da sanatoci suka karanta rubutun Turanci ne wanda Joel Barlow, wakilin Amurka a Aljiyas, ya aiko. A 1930 masanin Larabci ɗan Holan, Snouck Hurgronje, ya duba rubutun Larabcin, bai sami sashe na 11 a ciki ba. A gurbinsa wata wasiƙa ce daga sarkin Aljiyas zuwa ga na Tarabulus. Wannan bai soke abin da majalisa ta amince da shi ba, domin na Turancin ta kaɗa wa ƙuri'a. Amma yana nufin kalaman da ake cewa an yi don kwantar wa Musulmi hankali ba su cikin takardar da Musulmin suka riƙe.

Sannan a lura da kalmar gwamnati. Ta tarayya ake nufi. Gyaran tsarin mulki na farko, na 1791, majalisar tarayya kawai ya hana kafa addinin hukuma. Jihohi na da nasu: Connecticut ta ci gaba da tallafa wa coci da kuɗin haraji har 1818, Massachusetts har 1833. Wanda ya ɗauki sashe na 11 ya ce Amurkawan wancan zamani ba ruwansu da addini ya zarce gona da iri.

Yaƙin kuwa kan kuɗi da daraja aka yi shi. Kayan da aka yi alkawari sun makara. Yusuf ya ga Aljiyas na karɓa duk shekara shi kuwa sau ɗaya, ga shi an rubuta cewa in saɓani ya taso sarkin Aljiyas ne alƙali, kamar shi bara ne a gidan wani. Ya nemi dala 225,000, aka ƙi. A watan Mayun 1801 ya sa aka sare sandar tutar ofishin jakadancin Amurka, wanda a al'adarsu shi ne shelar yaƙi. Shugaban Amurka na lokacin, Thomas Jefferson, ya riga ya shirya tura jirage ba tare da majalisa ta ayyana yaƙi ba, sai a Fabrairun 1802 ta ba shi izini da doka. Gardamar iyakar ikon shugaban ƙasa wajen tura soja, da ake yi har gobe, ta ɗaga kai tun a nan.

Toshe tashar Tarabulus bai yi aiki yadda aka so ba, domin manyan jirage ba sa iya matsowa ruwa mara zurfi, ƙananan kwale-kwale kuwa suna sulalewa ta gefen gaɓa. Ranar 31 ga Oktoba 1803 jirgin yaƙin Amurka mai suna Philadelphia ya maƙale a kan dutsen ƙarƙashin ruwa yana bin wani jirgi, aka kama mutum fiye da 300. Wani hafsan sojan ruwan Amurka, Stephen Decatur, ya shiga da dare ya ƙone shi a Fabrairun 1804 don kada a juya shi kansu. Abin da ya girgiza Yusuf ta tudu ya zo: wani jami'in Amurka, William Eaton, ya ɗauko Hamid, wan Yusuf ɗin, wanda Yusuf ya ƙwace wa sarauta, suka ratso hamada daga Masar suka ci garin Darna ranar 27 ga Afrilu 1805. (Wannan Yusuf ɗin ne dai, bayan shekaru, ya buɗe wa su Clapperton hanyar Fezzan zuwa Barno, har Clapperton ya iso Kano da Sakkwato a 1824.)

A watan Yunin 1805 wakilin Amurka Tobias Lear ya ƙulla sulhu, aka biya dala dubu 60 fansar fursunoni, aka janye daga Darna, Hamid bai sami gadon sarautar da aka kwaɗaita masa ba. Wannan watsi da aka yi da shi abin kunya ne, kuma Eaton bai ɓoye fushinsa ba. Sabuwar yarjejeniyar ta maye gurbin ta 1797. Sashenta na 14 ya riƙe maganar rashin ƙiyayya ga shari'a da addinin Musulmi, amma ya bar jimlar da ta ce ba a kafa gwamnati kan addinin Kirista ba. Majalisar dattawa ta amince da ita a Afrilun 1806, ƙuri'a 21 da 8.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Wassalam.